Dutsen Sinja da Gudumar Gaggawa

Jama'ar Umbadda, Allah Ya dawo mana da zaman lafiya. Akwai wata ɗabi'a da ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kanta. Samarinmu masu haƙar rijiya, da masu bugun tubali a bakin kogi, da masu tafiya arewa neman zinariya, idan suka ci karo da dunƙulen dutse mai siffar ƙwai, sai su ɗora masa guduma. In babu zinariya, su watsar. In ƙashi ya bayyana a ciki, wani ya ce na aljanu ne, wani ya sayar da kuɗin shayi. Mu dai a wurinmu wannan ɓarna ce.

Irin wannan dutse ba haka kawai ya dunƙule ba. Ƙashi ko ɓawon dodon koɗi kan nutse cikin laka, ruwa mai farar ƙasa ya yi ta taruwa a jikinsa, shekara bisa shekara, har ya sandare ya zame masa kube.

A shekarar 1924, a Sinja, gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Mai Wurno inda 'yan uwanmu suka sauka bayan yaƙin Burmi, aka tsinci ƙoƙon kan mutum a cikin irin wannan dutse. Masana sun kimanta shekarunsa da kusan 133,000, kuma daga ɓawon dutsen da ya lulluɓe shi suka auna. Wato abin da gudumarmu ke fara zubarwa shi ne shaidar. Na'urar ɗaukar hoton ƙashi ta kuma nuna cewa mai ƙoƙon yana da lahani a cikin kunnensa na dama. Yau ƙoƙon yana Landan.

Masu cewa wannan ilmin Turawa ne, su tuna Ibnu Sina ya yi bayanin yadda halittu ke rikiɗa su zama dutse a cikin Kitabus Shifa, shekaru kusan dubu da suka wuce. Masu cewa yunwa ta fi dutse, ba mu musa ba. Amma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 an wawashe gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum. Abin da ya rage mana shi ne wanda ƙasa ta ɓoye, shi kuma za mu farfasa da hannunmu?

Saboda haka, wanda ya tsinci irin wannan dutse, kada ya fasa. Ya ɗauki hotonsa a inda yake kwance, ya rubuta sunan wurin da zurfin ramin, ya naɗe shi a tsumma, a kai wa malaman ilmin duwatsu na Jami'ar Khartum. Su da ɗan ƙaramin kurfi da allura suke buɗewa, a hankali, ko da aikin zai ɗauki makonni.

Rashin sani, in ji magabata, shi ya sa kaza ta kwana a kan dami.