Mu Leƙa Rumfar Mai Tuwo a Bagwai

A wannan makon za mu ɗan ajiye maganar jarrabawa mu yi maganar ciki, tunda Bahaushe ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗalibin da bai ci ya ƙoshi ba, ko malami ya kwana yana bayani, rabin hankalinsa yana wajen tukunya.

Abin da ya jawo maganar shi ne wata ɗabi'a da muke gani tana yaɗuwa a makarantunmu na sakandare. Wanda aka gani a teburin mai shayi yana cin Indomie da ƙwai, shi ne ɗan gayu. Wanda kuma aka hango yana fitowa daga rumfar mai tuwo yana suɗe yatsa, sai a laƙaba masa ɗan ƙauye, a yi ta tsokanarsa har a tashi. Abin ya kai wasu sun gwammace su sayi biskit da lemon kwalba da ɗan kuɗin da aka ba su, su koma aji ciki yana ƙugi, don kada abokai su yi musu dariya. To, bari mu je rumfar tare, mu ga ko akwai abin kunya a cikinta.

Mun zaɓi Bagwai, ƙaramar hukumar da ke arewa maso yammacin birnin Kano, maƙwabciyar Bichi da Shanono. Ƙasa ce ta manoma, inda gona take manne da gona, ƙauye yana hango ƙauye. Ko a cikin garin Bagwai, ko a Kiyawa, ko Gadanya, ko Rimin Dako, ranar kasuwa ba za a rasa irin wannan rumfa ba. Dirkoki ne na itace aka kafa, aka ɗora kara ko tsohon kwano a sama, aka kewaye da zana don kare iska da ƙura. A ciki akwai benci ko tabarma, a gefe ga murhu da manyan tukwane, ga tulu ko randa, ga buta. Babu takardar jerin abinci. Ana yin sallama, a ce, "Sannu da aiki, Iya, me ake da shi?" Ita kuma ta ce akwai tuwon dawa da na masara, miya kuwa kuka ce ko busasshiyar kuɓewa, in an yi sa'a har da taushe. A faɗi na nawa ake so, ta kwaso malmala ta zuba miya, ta ɗiga man shanu ga mai so, ta miƙo yaji.

Kafin wannan malmala ta iso kwano, ta sha hanya. An surfa dawar, an wanke, an shanya, an kai inji, an tankaɗe da rariya. An yi talge ya dahu, an zuba gari an tuƙa da muciya har gudaji suka mutu, sannan aka rufe ya sulala kafin a kwashe da mara. Duk wanda ya taɓa riƙe muciya a babbar tukunya ya san aiki ne na ƙarfi da na gwaninta. Dawar da wasu suke rainawa kuwa, Najeriya tana sahun gaba a duniya wajen nomanta, tare da ƙasashe irin su Amurka. Ita da gero suna jure ƙarancin ruwa fiye da masara da shinkafa, shi ya sa kakanninmu suka riƙe su. Saboda muhimmancin irin wannan hatsi ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa ta duniya.

Yanzu mu duba miyar da idon darasin kimiyya. Kuka ganyen bishiyar kuka ne da aka busar aka daka, kuma tana ɗauke da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi da haƙori, da sinadarin ƙarfe da jiki yake buƙata don yin jini. Wannan na biyun yana da muhimmanci ƙwarai ga 'yan mata da suka fara girma, domin ƙarancin jini ya fi kama su, kuma yana kawo kasala da jiri da rashin natsuwa a aji. Ƙwallon kukar da muke fasawa mu tsotsa a hanyar gona, Tarayyar Turai ta amince a riƙa sayar da garinsa a matsayin abinci a 2008, kuma a can cikin ƙananan fakiti ake sayar da shi da tsada.

Sai daddawa, wadda warinta ne ya sa wasu suke toshe hanci. Daga kalwa ake yin ta, wato 'ya'yan ɗorawa. Ana dafa kalwar na sa'o'i masu yawa, a surfa a cire ɓawon, a sake dafawa, sannan a rufe ta a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku. A cikin waɗannan kwanaki wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke aiki a kanta, su farfasa furotin ɗin da ke ciki ya zama mai sauƙin narkewa, su fito da ɗanɗanon da yake ɗaga miya. Wannan shi ne ainihin abin da malamin bayoloji yake koya muku a babin ƙananan halittu masu amfani. Iyayenmu mata sun daɗe suna yin sa a bayan ɗaki tun kafin a gina ɗakin gwaje-gwaje na farko a ƙasar nan.

In rumfar tana da ɗanwake ko shinkafa da wake, nan ma akwai darasi. Furotin ɗin hatsi yana da giɓi, na wake ma yana da nasa, amma abin da wannan ya rasa wancan yana da shi. In aka haɗa su a kwano ɗaya sai su cike wa juna, jiki ya sami abin gina tsoka ko da babu nama. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman irin waken da muke ci. Ga kuma madatsar ruwa ta Watari, wadda take cikin ƙaramar hukumar Bagwai tun ƙarshen shekarun 1970. Daga gonakin rani da take shayarwa ake samun shinkafa da tumatir da albasa, daga ruwanta kuma masunta suke kamo tarwaɗa da karfasa.

Mu kwatanta da abin da ake kira na 'yan gayu. Ba mu ce kada a ci taliya ko a sha lemo ba, kowa yana son canjin baki. Amma taliyar leda yawancinta fulawa ce da mai da gishiri, in ba a sa ƙwai ko ganye ba. Lemon kwalba kuma ruwa ne da sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum yake sha a rana ya wuce kimanin giram 50, wato kusan cokalin shayi 12, kuma kwalba ɗaya tana iya cinye fiye da rabin wannan. Shi ya sa wanda ya karya da biskit da lemo yakan ji ƙarfi na ɗan lokaci, kafin darasi na gaba ya ƙare yunwa ta dawo.

Akwai kuma lissafin tattalin arziki. Mafi yawan alkamar da ake yin fulawa da ita a Najeriya daga ƙasashen waje ake shigo da ita, don haka wani kaso na kuɗin biskit ɗinku ƙetare yake tafiya. Kuɗin tuwo kuwa, ku bi sawunsa: mai tuwo ta biya manomin dawa, ta biya mai inji, da mai itace, da mai ga-ruwa, da tsohuwar da take yin daddawa, da Bafulatanar da ta kawo man shanu. Dukkansu mutanen yankin ne, wataƙila ma iyayen abokan ajinku ne. A yankunanmu mata da yawa a cikin gida suke dafa abincin sayarwa, 'ya'yansu mata su fita da shi talla, kuma da wannan ciniki ake sayen littafi da kayan makaranta. Wanda ya yi wa 'yar ajinsu dariya don ya gan ta da tiren ɗanwake da yamma, bai san abin da yake yi ba. Roƙonmu ga iyaye ɗaya ne: kada talla ta ci lokacin aji.

A wasu ƙasashe, abin da muke gudu shi ake nema da kuɗi. A Amurka akan gina gidan abinci da gungumen itace da gangan don ya yi kama da gidajen mutanen da, mutane su taso daga birni su zo cin irin girkin kakanninsu. A Italiya, a 1986, buɗe shagon McDonald's a tsakiyar birnin Rum ya jawo zanga-zanga, kuma daga nan Carlo Petrini da abokansa suka kafa ƙungiyar Slow Food mai kare abincin gargajiya, wadda ta bazu ƙasashe da dama.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, rumfar mai tuwo tana da inda ya kamata a gyara, wato tsafta. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Kano tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ta gurɓataccen ruwa da abinci da hannu marar tsafta take yaɗuwa. Saboda haka in za ku zauna cin abinci a waje, ku kula da waɗannan. Ku sayi abincin da yake da zafi, wanda aka rufe ƙuda bai sauka a kai ba. Kada ku tsoma hannu a kwanon ruwan da mutum goma suka riga suka wanke nasu a ciki. Ku ɗauki buta, wani ya zuba muku, da sabulu in akwai. Ku dubi ruwan da ake wanke kwanuka da shi, ku kuma san daga ina ruwan sha ya fito. In kun ga abin gyara, ku faɗa cikin ladabi: "Iya, don Allah a ajiye mana sabulu a nan." Mai sana'ar da take son ciniki za ta ji. In kuma kuka sayi tuwo a leda, kada ku yar da ledar a hanya, domin awaki da tumaki suna haɗiye ta, ta toshe musu ciki.

Ga aikin gida na wannan mako. Kowa ya sami kakarsa, ko gwaggonsa, ko wata dattijuwa a unguwa, ya tambaye ta yadda ake yin abinci ɗaya da ya fara ɓacewa a gidajenmu, ko dambu, ko fate, ko burabusko, ko daddawa kanta. Ku rubuta kayan haɗin da matakan girkin ɗaya bayan ɗaya, da sunan garinku da ajinku, ku aiko mana. Samari ma ba a ɗauke muku ba, domin watarana za ku tafi jami'a ko bautar ƙasa, inda babu Inna a kusa. Waɗanda suka fi tsari za mu buga su a wannan shafi.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa. A ci lafiya, a yi karatu da kyau.