IN LEBURA YA KARYE, WA KE JINYA?

Iyayena, yayyena da ƙannena mata na Gwarzo da Kabo.

Lokacin kaka injin casa ya cinye yatsun wani maƙwabcinmu. Mai injin ya ba shi kuɗin mota, ya ce Allah ya sawwaƙe, shi ke nan. Matarsa ce ta sayar da awakinta da kwanukan aurenta. Kun san irin wannan labari a kowace unguwa: magini ya faɗo, ɗan dako ya goce ƙugu, mai feshi ya shaƙi guba.

A da, maɗori ake kira, dangi su haɗa hatsi, maƙwabta su yi wa mutum gayya a gonarsa. Tun farkon shekarun 1940 Turawa suka kafa dokar diyyar ma'aikata, a 1959 aka buɗe asibitin ƙashi na Dala, a 1987 aka sake dokar. Wadda ake aiki da ita yanzu ta 2010 ce. Ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF. Daga nan ake biyan magani da diyyar naƙasa, in ma'aikaci ya rasu a bakin aiki a riƙa biyan iyalinsa.

To amma mazajenmu da 'ya'yanmu nawa ne ke da takardar ɗaukar aiki? Yawancinsu 'yan aikin yini ne. Dokar tana nan a takarda, ba ta iso bakin injin niƙa ba.

Wasu za su ce ƙaddara ce. Na yarda, amma a Islamiyya an karantar da mu cewa wanda ya sa ka aiki akwai haƙƙinka a wuyansa.

Don haka duk ɗan takarar da ya zo, ko na jam'iyyarmu ne, kafin a karɓi atamfa da taliya a tambaye shi: zai biya wa leburori rajistar KSCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharmu? Me zai ƙara wa babban asibitin Gwarzo don a rage jigilar masu karaya zuwa Kano?

Mu kuma kowace mazaɓa ta ware wani abu daga adashe don masu jinya. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

A tura wa shugabannin mata na mazaɓu. Allah ya tsare mana masu nema.

Taku,
Shugabar Mata