Kuɗin Jinyar 'Yan Mazan Jiya Bashi Ne A Kan Gwamnati

Sojan da ya dawo daga fagen fama ba ƙafafu ko ba idanu, asara biyu gidansa ke yi. Shi ya daina nema, sannan matarsa ko ɗansa ya bar kasuwa ko wurin aiki domin ya zauna jinyarsa. Fanshon da ake lissafawa bisa muƙami da shekarun aiki ba ya duba wannan asara ta biyu.

A Amurka, Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji tana biyan ƙarin diyya kowane wata ga wanda likita ya tabbatar ba ya iya wanka, sa tufafi ko cin abinci sai da taimakon wani. An kasa diyyar mataki-mataki gwargwadon tsananin nakasa, kuma ba a cire mata haraji. Ana ɗaga ta bisa tsadar rayuwa: kashi 8.7 cikin ɗari a 2023, da kashi 3.2 a 2024. Wata doka ta 2010 ta kuma ba da damar biyan alawus ga ɗan uwan da ke jinyar. Birtaniya ma tana da irin wannan alawus a tsarin fanshonta na yaƙi.

Nijeriya ta tura sojoji yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, da Laberiya a 1990, da Arewa maso Gabas tun 2009. An fitar da sojoji daga tsarin fansho na karo-karo a 2011, don haka nauyinsu kacokan yana kan baitulmali. Sashe na 173 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi a sake duba fansho duk shekara biyar, ko lokacin ƙarin albashi. Amma a 2024 hauhawar farashi ta zarce kashi 30 cikin ɗari. Mai sayen magani kullum ba zai jira shekara biyar ba.

Ya kamata Majalisar Tarayya ta ware wa kuɗin jinya gurbinsa a kasafin Hukumar Fanshon Sojoji, a riƙa ɗaga shi kowace shekara. Masu cewa hakan zai buɗe ƙofar sunayen bogi suna da hujja, amma maganinta kwamitin likitoci ne da tantancewa a kai a kai. Bikin 15 ga Janairu yana karrama waɗanda suka kwanta dama. Na raye kuwa, a kasafin kuɗi ake karrama su.