Ladabin Katse Magana Da Saɓa Wa Mai Magana

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da na gani a wurin rabon gado a unguwarmu. Wani dattijo yana bayani, ya yi kuskure a rabon 'ya mace. Sai wani saurayi mai ɗan karatu ya tari numfashinsa gaban jama'a, ya ce, "Ba haka ba ne!" Lalle yaron ne mai gaskiya. Amma dattijon ya ji kunya, ya kafe a kan kuskurensa, taro ya watse ba a raba kome ba, har yau gidajen nan biyu ba su gaisawa. To, ina amfanin gaskiyar da ta bar marayu ba haƙƙinsu?

Ni ban ce a yi shiru a kan ɓarna ba. Ko a cikin salla, idan liman ya yi mantuwa, mamu yana yi masa tasbihi. Amma ku duba, da ambaton Allah ake tunatar da shi, ba da tsawa ba.

Ladabin farko shi ne saurare. Sa'ad da Utbatu ɗan Rabi'a ya zo wa Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, da tayin dukiya da sarauta don ya bar kiransa, bai katse shi ba. Sai da ya ƙare, ya kira shi da alkunyarsa, ya tambaye shi ko ya gama, sa'an nan ya amsa. In an yi wa mai musun addini haka, ina ga ɗan'uwanka Musulmi?

Na biyu, in tilas ta sa ka katse, domin lokaci zai ƙure ko haƙƙin wani zai salwanta, to, nemi izini. Ka ce, "Ban tari numfashinka ba," ko "Allah ya gafarta Malam, a ba ni dama." Kuma ka mayar da gyaranka tambaya: "Baba, ko ba rabin na namiji ne nata ba?" Ta haka ka bar masa ƙofar da zai komo da mutuncinsa.

Na uku, ka saɓa wa maganar, kada ka taɓa mai ita. Imamu Laisu ɗan Sa'adu na Masar, wanda ya rasu shekara ta 175 bayan Hijira, ya saɓa wa Imamu Maliku a kan hujja da aikin mutanen Madina, amma wasiƙarsa cike take da addu'a da girmamawa. Haka Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru a kan kafirta mai babban zunubi ba. Ya rubuta hujjarsa a fili, kuma bai daina yabon malamin nasa ba.

Ku kuma manya, in yaro ya zo da ladabi, ku karɓa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Babban da ba ya jin gyara shi ke koya wa yara tsaurin ido.

Allah ya tsare harsunanmu, ya sa mu dace. Amin. Haza wasalam.