Wasiƙa Zuwa ga Masu Rajistar Layi da Masu POS na Ƙasar Tofa



Ya ku 'ya'yana masu neman halali a ƙarƙashin laima, na kasuwar Janguza da na cikin Tofa, har zuwa Doka da Lambu, ina roƙon ku kasa kunne ga nasihar dattijo, wanda bai iya sana'arku ba, amma ya daɗe yana zaune a bencinku yana kallo.

Iyayenmu ba su taɓa gina gida ba zaure ba, domin baƙo, komai girman rawaninsa, ya tsaya ya yi sallama. Ko malamin haraji da ya zo da mai unguwa a nan yake tsayawa, abin da maigida ya faɗa shi zai rubuta. To, tun da Babban Bankin Nijeriya ya fito da BVN a 2014, gwamnati kuma ta wajabta haɗa layin waya da lambar NIN a watan Disamba na 2020, sai lambobi goma sha ɗaya suka ɗaure sunan mutum da fuskarsa da zanen yatsunsa wuri guda, kamfanin waya ya san wanda ya kira da inda ya kwana, manhajojin ba da bashi kuma suka riƙa kwashe lambobin abokan mutum, in ya makara da biya su tona masa asiri har wurin surukansa. Wannan sabon gida ba shi da zaure, sai ku.

Ranar wata kasuwa na ga tsohuwa ta kwance katinta daga bakin zane, ta miƙa wa wani yaro, ta ce, "Ɗan nan, danna mini," sa'an nan ta faɗi lambar sirrinta da ƙarfi, mai rake da mai acaɓa duk suna ji. Yaron bai zalunce ta ba, sai dai ya rubuta lambar a wani littafi mai maiƙo, wai don sauƙin gobe, ya bar shi a buɗe ya tafi Azahar.

Saboda haka, kada ku rubuta lambar sirrin kowa. Ku juya wa mai kati na'urar, ku kau da ido, wanda bai iya ba kuwa ku koya masa da haƙuri, ko da layi ya yi tsawo. Takardar NIN da aka gama aiki da ita ku mayar wa mai ita ko ku ƙone, gama na taɓa sayen ƙosai a ƙunshe cikin hoton wani bawan Allah. Wanda ya ɗora yatsa domin layi ɗaya, haramun ne a buɗe layi uku da sunansa a sayar, domin ranar da ɓarayin mutane suka nemi kuɗin fansa da ɗayansu, manomin da bai san hawa ba bai san sauka ba za a ɗauko daga gonarsa. Duk kuwa wanda ya zo yana taya lambobin jama'a, ko da sunan tallafi ne, ku sallame shi, ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Ku sani tun watan Yuni na 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a, da hukumar NDPC mai tsaronta, kuma hukuncinta yana iya hawa kan mai laima kamar yadda yake hawa kan babban kamfani. Amma tun kafin ita, Suratul Hujurat ta hana tajassusi, malamai kuma sun karantar da mu cewa cin amana alamar munafunci ce.

Manyan kamfanoni sun fi ƙarfina, sun fi ƙarfinku, hisabinsu yana gaba. Tsohuwar nan kuwa ba ta san NIMC, hukumar da ke ba da NIN, ba, ba ta san Abuja ba. Kai ta sani, ta san uwarka, shi ya sa ta kira ka ɗanta. Ka rufa mata asiri, Allah ya rufa naka duniya da lahira.

Wassalam.

Naku,
Wani dattijo a Tofa