Tabkin Serre-Ponçon: ruwa ɗaya, mabuƙata da yawa

Ran 30 ga watan Maris na shekara ta 2023, shugaban Faransa Emmanuel Macron ya isa garin Savines-le-Lac, cikin tsaunukan Alpes, domin ya gabatar da tsarin gwamnatinsa game da ruwa. Tsarin ya ƙunshi matakai 53, babbansu kuwa shi ne rage kashi 10 cikin ɗari na ruwan da ƙasar take ɗiba kafin shekara ta 2030. Ba banza aka zaɓi wannan gari ba. Yana bakin tabkin Serre-Ponçon, wanda farin shekara ta 2022 ya sa ya sauka da fiye da mita 15.

Tabkin nan hannu ya yi shi. Kogin Durance, wanda yake gangarowa daga tsaunuka zuwa lardin Provence, ya daɗe yana wahal da mazauna kwarinsa: in dusar ƙanƙara ta narke ya yi ambaliya, in zafi ya tsananta ya bar gonaki da ƙishirwa. Ɓarnar da ya yi a 1843 da 1856 ita ta sa magabata suka fara tunanin tare shi. Injiniya Ivan Wilhelm ya yi shekaru yana nazarin aikin, amma yashi da tsakuwa masu zurfin gaske a ƙarƙashin kogin suka hana a kafa ginin dutse. Sai bayan yaƙin duniya na biyu, da aka ƙware wajen gina madatsa da jibgin ƙasa, hanya ta samu. Dokar 5 ga watan Janairu 1955 ta ɗora wa kamfanin lantarki na ƙasa, EDF, nauyin aikin. Aka tada madatsa mai tsawon mita 123, aka fara tara ruwa a 1959, tabki ya cika a 1961. Yana ɗauke da kimanin mita-kib miliyar 1 da miliyan 200.

Talakawan kwarin su suka fara biyan kuɗin wannan ci gaba. An tada mutane wajen 1,500. An rushe Savines, aka sake gina shi a tudu. Ƙauyen Ubaye kuwa ba a sake gina shi ba, maƙabartarsa kaɗai aka ɗauke zuwa sama. Ƙaramar majami'ar Saint-Michel ta tsira domin tana bisa tsauni, ga ta yau a tsibiri, baƙi suna ɗaukar hotonta.

Dokar 1955 ta ba tabkin ayyuka sanannu: wutar lantarki, ban ruwa, da rage ƙarfin ambaliya. An keɓe wa manoma mita-kib miliyan 200, kuma daga Durance ne birnin Marseille yake samun mafi yawan ruwan shansa. Shaƙatawa ba ta cikin lissafi. Amma da ruwa ya kwanta tsakanin duwatsu, mita 780 bisa teku, sai ƴan hutu suka fara kwararowa. Masu iyo da masu kamun kifi, masu jiragen ruwa da iska ke turawa, masu yawo da ƙafa ko da keke bisa tsaunuka, kowa ya sami abin da yake so. A garin Embrun, a kan tabkin, tun 1984 ake yin wata gasa mai wuya ta iyo da keke da gudu cikin watan Agusta. Jikokin waɗanda ruwa ya cinye wa gonaki, da yawansu da masaukin baƙi da gidan abinci suke ci yanzu.

Saboda haka a 2008 aka ƙulla yarjejeniya tsakanin EDF da hukumomin yankin, cewa za a yi ƙoƙarin riƙe ruwa a kan mita 775 daga 1 ga Yuli zuwa 31 ga Agusta. Matsalar ita ce, watannin da baƙo yake son ganin tabki cike su ne watannin da manomi yake son a saki ruwa. In ƙanƙara ta zuba da yawa, kowa yakan samu. A 2022 ba ta zuba ba. Kamfanin ya rage yin wuta tun farkon shekara, aka taƙaita wa manoma ban ruwa, duk da haka wuraren wanka suka koma taɓo, tashoshin jirage da dama suka zauna bisa busasshiyar ƙasa. Mutanen tudu suka ce nomansu shi ne baƙi, mutanen gangare suka ce ba a cin kallo.

Masana suna tsammanin ɗumamar yanayi za ta ƙara rage ƙanƙarar Alpes, watau irin wannan shekara za ta sake dawowa. Ruwan sha shi ne na farko, babu mai gardama. Abin da ya rage shi ne rabo tsakanin gona, da wuta, da hutu. Doka ta ba biyun farko haƙƙi, na ukun alkawari kawai yake riƙe da shi, alhali kuwa a kansa ne yankin da ya ba da ƙasarsa ya dogara. Lalle ya kamata a daidaita wannan rabo tun tabki yana cike, domin ranar da ya ja baya kowa bakinsa zai ji.