A BA UNGUWA IDO, KADA A BA TA BINDIGA



Akwai wata magana da ta cika kasuwa da wuraren hira, tun daga Konni har Magarya: wai tun da ɓarayi sun hana mu kwana, a raba ma samari bindigogi, kowace unguwa ta yi sojanta, mu huta. Masu faɗin haka suna faɗi da ƙarfin murya, kuma duk wanda ya ce a dakata sai su kira shi matsoraci ko abokin ɓarawo. To, wagga takarda ta ce a dakata. Ku kira mu abin da kuka ga dama, amma ku saurari hujja.

Ba mu musun ciwon. Tun wajen 2017 mutanen Madarunfa da Gabi da Gidan Rumji sunka shiga wahalar ƴan bindiga masu ƙetaro iyaka da dare. A kore shanu, a kama mai gida ko ɗiyarshi, a nemi kuɗin fansa, har dangi su saida gona da rumbu. A 2019 dubban ƴan'uwanmu na Zamfara da Sakkwato da Katsina sunka gudo jahar Maradi da tabarma a kai. Ran 21 ga Maris 2021 anka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya, cikin jahar Tawa, rana guda. Cikin birane kuwa, mutum shi aje moto ƙofar masallaci, kafin shi sallame ta tafi. Wanda ya ce babu damuwa maƙaryaci ne.

Amma ku tambayi waɗanga baƙin da munka sauke daga ina sunka fito. Sun fito ne daga inda anka fara shan maganin nan da ake so a ɗura muna. A Zamfara, da satar shanu ta yi yawa, sai anka yi ƴan sa kai. Sun fara da neman ɓarawo, sunka ƙare da neman Bafillace. A tare mutum tsakar kasuwa, ba alƙali, ba shaida, a kashe shi don ya zo da sanda da malfa. Ƴan'uwanshi su shiga daji su sai bindiga su dawo ramuwa bisa ƙauyen da bai san hawa ba bai san sauka ba. Haka wuta ta kama, har gomnatin jihar da kanta ta haramta su. Wa ke so a kawo muna wanga abu Dakoro ko Tasawa, inda manomi da makiyayi ke shan ruwan rijiya guda tun kaka da kakanni?

Wani zai ce: namu samarin ba haka su ke ba. To, ku tuna Banibangu, can yamma cikin jahar Tilaberi. A farkon Nuwamba 2021 magajin garin da kanshi ya ja ƴan kwamitin tsaro sunka fita daji neman masu kashe masu mutane. Anka yi masu kwanton ɓauna, mutum 69 sunka mutu, har da shi. Ba ragwaye ba ne, Allah shi jiƙan su. Amma manomi ba soja ba ne, kuma wanda ya tura shi gaban masu manyan makamai, alhakin marayunshi na wuyanshi.

Mu ƴan kishin ƙasa, ya kamata mu fi kowa sanin mi ke faruwa in anka ba mutum bulala ba a ɗora mashi alƙali ba. Iyayenmu sun ga gardi. Zamanin Nasara, ƙarƙashin dokar da Faransawa ke kira andijena, kumandan na iya kulle mutum har kwana 15 ba shari'a, kuma gardi, ɗan ƙasa irinmu, shi ke zuwa kamun mutane aikin dole da karɓar bodo, shi ci kazar gida, shi hau dokin mai gari. Sai a 1946 anka soke andijena da aikin dole. Bayan ƴancin 1960 ma ba mu tsira ba. A 1964, lokacin rikicin Sawaba, anka kafa ƴan tsaron jam'iyya mai mulki, sai tsegumi ya zama makami. Mai gaba da maƙwabci bisa gona ko bisa mace ya samu hanya. Kalmar banga ita kanta daga siyasa ta fito, sunan samarin da ke tsaron manyan jam'iyya ne. Shi ya sa muke faɗi tun da wuri: ko tamu jam'iyyar ce ta nemi ta mai da ƴan tsaron unguwa nata, ku ƙi.

To, mu naɗe hannu ke nan mu jira gomnati? A'a! Waɗanda ke cewa tsaro aikin polis ne su kaɗai, su ma ba mu tare da su. Polis nawa ne komisariya? Wane jandarma ne ya san lungunan Zongo ko Birni kamar yaron da anka haifa ciki? Abin da unguwa ta fi hukuma shi ne sani, kuma ɓarawo ya fi tsoron a san shi bisa a harbe shi.

Ba sai mun aro dabara daga waje ba. Kowace unguwa tana da fada, samari na zaune bisa benci suna dafa shayi har tsakar dare. Sun san motar da ba ta unguwa ba, sun san wanda ya shigo da ɗaurin da bai fita da shi ba. Ana zagin su wai zaman banza su ke, alhali kuwa titin da ke da fada ba a cika fasa shago cikinshi ba. Zamanin Kunce, daga 1974, samariya ta gina azuzuwan lakwal ta share gari da gayya. Wanda ya iya wannan ba zai kasa rabon kwanan sintiri ba. A sa mai unguwa gaba, a rubuta sunan kowa, a kai takardar komisariya. Kayan aiki: tocila, usur, da salula mai kuɗi ciki don kiran 17. A sa Bafillace da Buzu da Bazabarme cikin kwamiti in suna unguwar, don kada sintiri shi zama na ƙabila guda. A sa mata, su ne ke gida da rana lokacin da ake leƙen gidaje.

Doka ta yarda kowa shi kama wanda ya gani shina cikin aikata laifi, shi miƙa shi ga polis ko jandarma. Iyakarta ke nan. Ba duka, ba ɗauri ga icce, ba taya da esansi. Wanda ya ƙone ɓarawo ya yi kisan kai, kuma ya ƙone bakin da zai faɗi wa ke sayen kayan.

Ga inda maganar ta ke, kuma nan ne masu kururuwar bindiga ke yin shiru. Saniya hamsin ba ta shiga aljihu. Sai ta bi hanya, ta shiga kasuwa, dillali shi tsaya mata, mahauci shi yanka, ko a loda ta kamiyo. Moton sata sai da mai kwance ta da mai saida kayanta. Ɗan bindigar da ke dajin iyaka bai haƙa rijiyar esansi ba. Wani cikin gari ke kai mashi jarka da burodi da tramol, wani ke gaya mashi wane ya saida gyaɗa ya samu kuɗi. Yaron Kara-Kara na Damagaram, ɗan pale, wanda ba lakwal ba sana'a, shi ake kamawa a nuna ma duniya, mai babbar riga da ya sayi kayan shina sahun gaba masallaci. Sarkin fawa da shugaban dillalai su shiga kwamiti, dabbar da ba a san mai ita ba kada a tsaya mata. Wanga ya fi bindiga ɗari.

Hukuma kuwa, ga naki rabon. Talaka bai zuwa komisariya don ya gaji tsoron gardi, kuma wasu masu kaki ba su taimaka ya manta ba. Wanda anka yi ma sata ya zo kai ƙara, a ce shi kawo kuɗin esansi. Wanda ya tsegunta ɓarawo, kafin shi kai gida ɓarawon ya ji sunanshi. In ana son mu zama ido, a rufe asirin mai gani, a karɓi ƙara ba ko dala, kuma komisar shi zauna da kwamitin unguwa ko sau ɗaya a wata shi faɗi inda maganar waɗanda anka miƙa mashi ta kwana. Kada kuma a ce tun da akwai ƴan sa kai an huta da aiko jandarma ƙauyukan iyaka. Haraji muke biya don wannan.

Sakatarorin rassa su karanta wagga takarda ga waɗanda ba su karatun boko, su kira taro gidan mai unguwa bayan sallar Juma'a, a gayyato shugabannin fada da na mata da limami. Wanda ya zo taron da makami, a maishe shi gida shi aje, sannan shi dawo.